Gwamma Bushiya a Ramin Jira

A wani daji da ke bayan Tafkin Gawo, an yi zamanin da shari'a ba ta kwana. Tsofaffin dajin har yau in suka tuna sai ka ji sun yi ajiyar zuciya. A wancan lokaci, in aka yi wa wani ɓarna, tsayawa yake a wurin ya kwarma ihu, maƙwabta su fito, a kira dattawan da suka fi kusa, a bi sawu tun ƙasa ba ta bushe ba. Shari'ar ɗanyen sawu suke ce mata. Inda sawun ya tsaya, nan za a tambayi mai shi, ya amsa ko ya musa, a duba, a yanke. Kafin rana ta take tsaka za ka ga mai ƙara da wanda aka yi ƙara suna shan ruwa a bakin tafki, ɗaya na harara ɗaya na dariya, amma dai kowa a gidansa zai kwana. Ban ce ba a yin kuskure ba. Ana yi mana, sai dai kuskuren ma da wuri ake gama shi.

Daga baya daji ya cika, baƙi suka yi yawa, manya suka ga bai kamata babban daji irin wannan ya riƙa shari'a a tsaye cikin laka ba. Aka share gindin wata tsamiya aka mai da shi kotu. Alƙalanci aka ba gidan Shamuwa, saboda baƙar alkyabbarsu da tafiyarsu ta natsuwa. Gabatar da ƙara aka ba gidan Shirwa, saboda kaifin ido. Aka kafa doka cewa kotu ba za ta zauna ba sai alƙali da mai gabatar da ƙara suna wuri ɗaya, don kada a zalunci kowa. Sannan aka sa dabgi, gwanin tonon ƙasa a cikin dabbobi, ya haƙa wani rami inda za a ɗan ajiye wanda ake tuhuma kafin a kira shi, aka sa masa suna Ramin Jira. Ranar da aka buɗe kotun an sha kiɗa, kowa na cewa yanzu ne aka zama daji.

Abin da babu wanda ya tuna a ranar shi ne, shamuwa da ruwan fari take zuwa, da kaka ta yi gaba. Shirwa kuwa sai ruwa ya ɗauke take sauka, da hadari ya fara haɗuwa ta kama hanya. Haka iyayensu suka yi, haka kakanni. Ga kotu, ga doka, ga ma'aikata masu riƙon amana, amma in alƙali yana nan mai gabatar da ƙara ba ya nan, in mai gabatar da ƙara ya dawo alƙali ya tafi.

Kada in yi musu ƙarya, sukan haɗu. A farkon damina akwai 'yan kwanaki da ɗaya ya sauka ɗaya bai tashi ba, haka ma a ƙarshenta. To amma dajin nan daji ne na zumunci. Wanda ya dawo daga tafiya sai an je masa barka da sauka gida gida, an tambayi hanya, an tambayi iyali, an tambayi gajiya. Wanda zai tafi sai an yi masa sallama da addu'a da rakiya har bakin iyaka. Alƙali da kansa yakan je sallamar mai gabatar da ƙara, shi kuma ya zo masa barka da sauka, su daɗe suna yabon juna. Kafin a ƙare gaisuwa ɗayansu ya yi sama, sai a ɗaga zama zuwa haɗuwa ta gaba.

A irin wannan hali aka kawo Gwamma Bushiya Ramin Jira.

Gwamma dattijuwa ce da kowa ya sani a unguwar aduwa. Ita ake bar wa 'ya'ya in za a kiwo nesa, ita ake ba ajiya ba tare da shaida ba. Wata safiya ta fito neman gara, hanya ta bi da ita ta kusa da sheƙar Hajo Zabuwa, daidai lokacin da Hajo ta dawo ta tarar an shanye mata ƙwai, sai ɓawo a warwatse. Hajo ta ɗaga kai ta ga Gwamma da jiƙaƙƙen baki, raɓa ce ta jiƙa shi, amma uwar da ta rasa ƙwai ba ta tsayawa tambaya. Ta kurma ihu, aka zo, aka tafi da Gwamma. Da a zamanin da ne, da an sunkuya an duba ƙasa. Amma duba ƙasa ya zama aikin kotu, kotu kuma tana jiran alƙali, ruwa kuwa bai jira kowa ba, ya sauko ya wanke wurin tas.

Kafin yamma zuciyar Hajo ta huce, ta je wurin Yari Jatau Tunku, mai tsaron ramin, ta ce ta janye ƙara. Yari ya ce shi ma ya so haka, sai dai ƙarar da ta shiga ba ta fita sai a gaban kotu. Hukuncin shan ƙwai a dajin nan bai wuce sharar filin zabi daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani ba. Gwamma kuwa damina ta wuce ta a rami, wata ta zo ta wuce, har ta daina lissafi. 'Ya'yan da ta rena suka girma suka haifi nasu. Ƙayarta ta fara fari.

Mijinta Nomau ne kaɗai bai gaji ba. Kullum da hantsi sai ka gan shi yana tafe a hankali, da 'yar gara ko gyare a ganye, ya zauna a bakin rami ita tana ciki, su yi ta hirar da. Su tuna shekarar da aduwa ta yi 'ya'ya har rassa suka karye. Su tuna yadda ake fita kiwo ayari guda bayan ruwa, ƙasa na ƙanshi, yara na birgima a gangare. Wani lokaci su yi dariya har Yari ya leƙo. Wani lokaci kuma Nomau ya ce, "Gwamma, ɗakin nan ya yi mini girma." Ita kuma ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ai za a kira mu. Ranar da aka kira, magana ɗaya ce." Abin da take jira ke nan, a tsaya a gaban jama'a a ce ba ta ci ba, ta koma gida da sunanta yadda ta fito da shi.

Ana nan ana kawo masu jira, ba a fitar da kowa, dabgi kuma yana ta ƙara wa rami ɗakuna ta ƙarƙashin ƙasa, har ramin ya ratsa ƙarƙashin babbar hanya. Wata rana a farkon damina Sarkin Daji Baƙo Ɓauna yana kan hanyar zuwa yi wa alƙali barka da sauka, sai ƙasa ta rufta da ƙafarsa ta gaba har gwiwa. Da aka taru aka ciro shi, ya leƙa ramin da ƙafarsa ta yi, sai ya ga idanu birjik suna kallonsa.

Ya ce, "Su wane ne waɗannan?"

Yari ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, masu jira ne."

"Me suke jira?"

"Shari'a, ranka ya daɗe."

A gaskiya ran sarki ya ɓaci, kuma ba don ƙafar kaɗai ba. Shi ma da ƙuruciyarsa ya ga shari'ar ɗanyen sawu. Nan take ya sa aka yi shela, gobe kowa ya hallara gindin tsamiya, za a yi taron gaggauta shari'a.

Washegari tsamiya ta cika. Alƙali Muntari na gidan Shamuwa yana dama, mai gabatar da ƙara Korau na gidan Shirwa yana hagu, yana ta duban gabas inda hadari ke tasowa. Aka fito da masu jira aka zaunar da su gefe, suna ƙyafƙyafta ido saboda haske. Sarki ya buɗe taro, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani.

Nomau ne ya fara miƙewa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Ni tsoho ne, ban san doka ba. Amma ga alƙali, ga mai gabatar da ƙara, ga tsamiya, ga masu jira. Tunda Allah ya haɗa kowa yau, me zai hana a fara? Ko mutum biyu aka saurara, ai an rage."

Alƙali Muntari ya gyara alkyabba, ya yi murmushin tausayi, ya ce, "Baba, maganarka ta shiga raina. Sai dai ka duba, wannan zama da muke yi taro ne na gaggauta shari'a, shela ma haka ta ce. In muka mai da shi zaman shari'a, mun saɓa wa shela, kuma duk hukuncin da muka yanke gobe wani zai ce a taro aka yanke shi. Ka ga mun ƙara wa bayin Allah nan wahala ke nan. Mu fara gama shawarar yadda za a hanzarta, sannan a hanzarta."

Manya suka gyaɗa kai. Wani ya kawo shawarar a rage tsawon gaisuwa. Nan fa wuri ya kaure, dattawa suka ce in aka taɓa gaisuwa me ya rage wa dajin, gara a rufe kotun baki ɗaya. Wani ya ce to a naɗa mataimaki daga cikin waɗanda ba sa tafiya ko'ina. Korau ya buɗe fukafukai ya ce, "Ranka ya daɗe, in an gaji da gidanmu a faɗa mana kai tsaye. Kakana ya riƙe aikin nan, ubana ya riƙe, ba a taɓa kama ɗayanmu da cin hanci ba. Ƙarar da ke hannuna ko ɗaya ba ta ɓata ba, duk suna nan yadda aka kawo su, ban taɓa ko ɗaya ba. Yau kuma a ce za a kawo wani ya zauna a wurina saboda ina zuwa inda iyayena suka saba zuwa? Ni dai na bar wa Allah." Sai da sarki ya ba shi haƙuri, alƙali ma ya tashi ya shaide shi da kirki, aka ɗaga taro zuwa gobe don zukata su huce.

Haka aka yi ta yi, yau jawabi gobe ban haƙuri, har iska ta juya. Korau ya nemi izini, aka dakatar da taro aka yi masa rakiya har bakin iyaka kamar yadda aka saba.

Da aka dawo daga rakiya, sai Ɗanliti Kurege ya yi tsalle ya hau kututture. Shi Ɗanliti bai taɓa rasa dabara ba, kuma bai taɓa tsayawa ya ga inda dabararsa ta sauka ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi ta kewaya abu yana gabanmu. Me ya sa ake buƙatar kotu? Saboda musu. Wannan ya ce an yi, wancan ya ce ba a yi ba, dole a samu mai tuhuma da mai yankewa. To in babu musu fa? Wanda ya tsaya gaban jama'a ya ce shi ya yi, me za a gabatar, me za a yanke? Ya yanke wa kansa. Kuma duk wanda ke ramin nan ya riga ya zauna fiye da hukuncin laifinsa. Saboda haka kowa ya fito ya amsa da bakinsa, a ce zaman da ya yi ya isa, ya tafi gida yau ɗin nan. Ba mu taɓa doka ba, ba mu taɓa gaisuwa ba, ba mu taɓa gidan kowa ba."

Wuri ya ɗauki sowa. Alƙali ya ce bai ga inda ta saɓa wa doka ba. Sarki ya ji kamar an sauke masa dutse, ya ce a fara.

Ba a taɓa ganin sauri irin na ranar ba. Gafiya ta fito ta ce ita ta kwashe gyaɗa, aka ce ta tafi. Biri ya ce shi ya karya dawa, aka ce ya tafi. Wasu sun yi abin da suka faɗa. Wasu kuwa, Allah ya sani, sai da suka juya suka tambayi Yari, "Me ma aka ce na yi?" ya tuna musu, suka amsa, suka ruga gida da gudu. Ba na ganin laifinsu.

Sai aka zo kan Mantau Guza, wanda aka kawo bara kan satar 'yan tsaki. Mantau ya ga abin ya yi araha, ya ce bari ya sauke kayansa duka. Ya ce, "Ni na ɗauki 'yan tsakin. Kuma tunda yau ranar faɗa ce, ƙwan fakara na gindin kalgo ni ne. Ƙwan Hajo Zabuwa ma na shekarun baya ni na shanye, da sanyin safiya, ina jin ihunta ina cikin ciyawa." Aka ce zaman da ya yi ya isa, ya ja jela ya tafi.

Hajo ta zabura tana kuka, tana cewa, "Kun ji! Wayyo Allah, kun ji! Iya Gwamma, ki yafe mini! Ranka ya daɗe, a sake ta!"

Sarki ya dubi alƙali. Alƙali ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, a zuciyata na san ba ta ci ba, kowa a nan ya sani. Amma wanke mutum hukunci ne, hukunci kuwa sai kotu, kotu kuma sai da mai gabatar da ƙara, ga shi yanzu muka dawo daga rakiyarsa. Ƙofa ɗaya ce a buɗe yau, ita ce wadda kowa ya bi. In ta amsa, ta tafi."

Duk ido ya koma kan Gwamma. Ita kaɗai ta rage a gefen masu jira. Nomau ya matso kusa da ita, ya rage murya, amma wurin ya yi shiru har kowa na ji. Ya ce, "Gwamma, ki ce kin ci. Kalma ce kawai. Kowa ya ji abin da guza ya faɗa, babu mai riƙe ki da shi. Ni ƙafata ta fara gazawa, hanyar nan tana yi mini nisa. Ban sani ba ko zan ga wata haɗuwar tasu. Ki faɗa mu tafi gida, na share ɗaki."

Gwamma ta dube shi, hawaye na bin fuskarta, domin duk tsawon zamanta bai taɓa roƙonta komai ba. Ta buɗe baki, jama'a suka miƙa wuya. Ta rufe. Sannan ta juya wajen sarki.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara. Ina son gida. Wallahi babu wanda ya fita yau da ya fi ni son gida. Amma waɗanda suka ji guza yau za su tsufa su mutu, abin da zai rage shi ne Gwamma ta tsaya gindin tsamiya ta ce ita ta ci. Jikokin da na goya, da shi za a yi musu gori a wurin wasa. Ina yarinya an taɓa yi wa babana irin wannan ƙazafi. Da hantsi aka kama shi, kafin azahar wanda ya yi ƙararsa ya durƙusa a bakin tafki yana wanke masa ƙafa a gaban kowa, haka ake yi a lokacin. Ni ban ce a wanke mini ƙafa ba, Hajo ta sha kukanta ya isa. Cewa kawai nake so a yi ban ci ba, a wurin da ake faɗa ya zauna. In yau ba ranar faɗar haka ba ce, zan jira ranar." Ta juya ga mijinta ta ce, "Malam, ka yafe mini. In hanyar ta yi maka nisa, ka riƙa tsallake kwana."

Nomau ya share ido, ya miƙa mata ganyen garar da ya zo da shi tun safe.

Sarki ya motsa baki kamar zai yi magana, ya dubi alƙali, ya dubi jama'a, sannan ya ce Allah ya kai mu kaka. Babu wanda ya kama Gwamma. Da ƙafarta ta koma, Yari na biye da ita kansa a ƙasa kamar shi ne ɗaurarren. Ramin ya zama fayau, ɗakuna ba iyaka, in ta yi tari sai ta ji ya amsa daga can ƙarshe. Da kaka ta zo Korau ya sauka, aka yi masa barka da sauka, aka yi wa alƙali sallama, aka raka shi bakin iyaka. Nomau bai tsallake kwana ba, sai dai yanzu rana kan yi sama sosai kafin ya iso.

Labarin gyaran da aka yi ya bazu, dazuzzuka na nesa suka riƙa aiko wakilai su koyi yadda ake gaggauta shari'a. Ɗanliti ne ke zagayawa da su, ya nuna musu tsamiya, ya nuna musu hanyar da aka cike, ya tsaya da su daga nesa ya nuna bakin ramin, inda wani tsoho ke zaune da ganye a gabansa. In aka koma fada, sarki yakan shaida wa baƙi cewa a duk faɗin Ramin Jira babu sauran mai laifi ko ɗaya.

Kuma duk dajin babu wanda zai ce ƙarya ya yi.